Neman kalma: me za mu kira "arena" in "stadium" ya riga ya cinye filin wasa?

Mai Shirin Wasanni: Salamu alaikum malamai. Gobe da la'asar za mu naɗi shiri kan wuraren wasanni na Zagreb, babban birnin Kuroshiya. Maksimir, gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Dinamo Zagreb, ba gardama, filin wasa ne. Matsalar ita ce Arena Zagreb, rufaffen gini mai cin mutum wajen 15,000, wanda aka gina a 2008 don gasar ƙwallon hannu ta duniya ta 2009. In shi ma na ce filin wasa, mai sauraro zai hango ciyawa. A agaza.

Mafassari: Rufaffen filin wasa. Shi ke nan.

Tsohon Alƙalin Wasa: Fili ai sarari ne, in ka rufe shi ya tashi daga fili. Dubi aikin kowanne. Na ƙwallon ƙafa mita 105 ne a tsaye, 68 a kwance, ruwa na dukansa, rana na dukansa. Na ƙwallon hannu 40 ne da 20, a kan daɓen roba da ake shimfiɗawa a naɗe. Yau a sa katako don ƙwallon kwando, gobe a kwashe a kafa dandamalin mawaƙa. Su kansu mutanen Kuroshiya dvorana suke ce wa irin wannan gini, wato zaure. Ni dai zauren wasanni.

Malamin Hausa: Kun bar kalma a gida kuna yawo. Fage! Asalin arena a Latin yashi ne, yashin da ake zubawa inda ake gwabzawa. Fagen dambe da fagen kokawa a kan me ake yinsu? Ku ce fagen ɗaka, ya bambanta da fagen waje. Gajere, ga daɗin faɗa.

Mafassari: Allah gafarta Malam, in aka ce fagen ɗaka a rediyo, wani abin daban mutane za su ɗauka.

Malamin Hausa: Sitadiyam da kuke cika mana kunne da shi fa, wa aka haifa da saninsa? Maimaitawa ce ta zaunar da shi. Kalmar Bature ku karɓa hannu bibbiyu, tamu kuwa sai an kai ta kotu.

Ɗan Maraɗi: Malam na da gaskiya ta wani gefen. A Nijar abin da Faransanci ke kira arène filin kokawa ne, yashi, ba rufi. Ko a Kuroshiyar, Arena ta birnin Pula gini ne na zamanin Rumawa, sama buɗe. Kenan ginin za a fassara, ba kalmar ba. Kuma don Allah a daina yanke mana kalma daga Kano sannan a aiko mana.

Mafassari: Wa ya ambaci Kano yanzu?

Tsohon Alƙalin Wasa: A koma kan aiki. Masu cewa zaure ya yi ƙanƙanta, ai kullum muna jin babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Zagreb na da irinsu da dama: Dom Sportova na 1972, da zauren Dražen Petrović inda Cibona ke ƙwallon kwando, mai cin mutum 5,000 da ɗoriya. Waɗannan zauren wasanni, Arena kuma babban zauren wasanni. Farkon ambato ka faɗi cikakke, daga nan "zauren" kawai.

Mai Shirin Wasanni: Na gode. Saura ɗaya: girgizar ƙasar 22 ga Maris 2020 ta sa an rufe tribina ta gabas a Maksimir, wato inda 'yan kallo ke zama, mazaunin ya ragu daga kusan 35,000 zuwa wajen 25,000. Rumfar gabas?

Tsohon Alƙalin Wasa: A'a, rumfa sai da inuwa, wannan kuwa ba rufi a kanta. Ɓangaren 'yan kallo na gabas.

Mafassari: Ya yi tsawo, numfashi zai ƙare.

Malamin Hausa: Tudun 'yan kallo.

Mai Shirin Wasanni: Gobe dai zan tafi da babban zauren wasanni da ɓangaren gabas. Tudun sai wani jiƙon.

Malamin Hausa: Ku yi zaurenku. A ajina fagen ɗaka ne.