Tsoro ne ke sa zuciya gudu, to me ya sa wani yake suma da ganin allura?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da tsarin jijiyoyin nan mai sarrafa kansa, wanda ke tafiyar da bugun zuciya, gumi da narkar da abinci ba tare da umarninmu ba. A aji an raba mana allo gida biyu. Gefe guda simfatetik, na lokacin firgita: zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, gumi ya karyo, hanji ya lafa. Ɗaya gefen farasimfatetik, na hutu da narkar da abinci.

To ranar da muke ɗibar jini, an zo da wani saurayi ƙaƙƙarfa. Allura na shiga ya fara hamma, leɓɓansa suka koɗe, ya ce yana ganin duhu-duhu kuma muryoyinmu daga nesa yake jin su. Goshinsa sharkaf da gumi mai sanyi. Na kama wuyan hannunsa, bugun bai kai 50 a minti ba, shi ma da ƙyar nake jin sa. Sai kawai ya sulale. Babbarmu ta kwantar da shi ta ɗaga ƙafafunsa, nan take ya buɗe ido.

Shi da bakinsa ya ce tsoro ya ji. In tsoro ne, ai gudu ya kamata zuciyarsa ta yi. In kuma farasimfatetik ne ya karɓi aiki, to gumin daga ina, tunda gumi aikin simfatetik ne? Don Allah masana a warware mini.

Malamin Fisiyoloji:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin kyauta da kika kama hannunsa kika ƙirga, domin amsar tana cikin abin da yatsunki suka ji. Allon nan mai gida biyu yana taimakon mai haddar jarrabawa, amma yana sa ɗalibi ya ɗauka idan ɗaya ya tashi ɗayan barci yake yi. Ba haka ba ne. Dukansu a bakin aiki suke dare da rana, ƙarfin kowanne ne ke hawa da sauka, kuma ba lallai ya hau a duk gaɓoɓi lokaci guda ba.

Fara da inda suke fitowa. Jijiyoyin simfatetik daga laka suke, daga gaɓar T1 zuwa wajen L2, wato tsakanin ƙirji da ƙugu, sai su ratsa wasu ƙulle-ƙulle da ke jere a gefe biyu na ƙashin baya kafin su bazu. Na farasimfatetik kuwa daga sama da ƙasa: jijiyoyin kai na 3, 7, 9 da 10, sai gaɓoɓin S2 zuwa S4 can ƙasan laka. Ta 10 ɗin ita ce bagus, wadda ta sauko ta wuya ta isa zuciya, huhu da hanji, kuma ita kaɗai take ɗauke da kusan kashi 75 cikin 100 na zaren farasimfatetik.

Zuciya da za a ƙyale ta, wurin da ke kunna bugunta zai riƙa bugawa wajen sau 100 a minti. Abin da ya sa kike samun 60 zuwa 80 a jikin mai lafiya yana zaune shi ne bagus tana riƙe da ita kamar linzami a bakin doki. Shi ya sa wanda aka yi wa dashen zuciya, da yake an yanke jijiyoyin, bugunsa yakan tsaya tsakanin 90 da 110 ko yana kwance. Otto Loewi ne ya nuna yadda bagus ke wannan aiki a 1921 a birnin Graz na Ostiriya. Ya tsokani bagus ɗin zuciyar kwaɗo har ta rage bugu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta rage. Sinadarin da ke cikin ruwan shi ne asetilkolin, kuma a kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel tare da Henry Dale a 1936.

Sai abin da ɗalibai suka fi mantawa. Mafi yawan jijiyoyin jini ba su da farasimfatetik sam. Simfatetik ne kaɗai yake matse su, kullum a ɗan matse, da sinadarin noradirenalin. Idan ya ƙara matsa jini ya hau, idan ya saki jini ya faɗi.

To ga abin da ya sami saurayinki. Da fari tsoron ya yi aikin da kika sani. Da kin taɓa shi kafin allurar, wataƙila da kin ji zuciyar na dukan uku-uku. Daga nan sai umarni ya sauko daga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro zuwa gindin ƙwaƙwalwa, abubuwa biyu suka auku tare: simfatetik ya saki jijiyoyin jini, bagus kuma ta ja zuciya baya da ƙarfi. Yana zaune, jini ya taru a ciki da ƙafafu, wanda ke komawa zuciya ya ragu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Daƙiƙa 6 zuwa 8 na yankewar jini sun isa mutum ya fita hayyacinsa. Duhun gani da nisan muryoyi alamun farko ne na wannan ƙarancin.

Tsohuwar Nas:

Malam ya gama bayanin ciki, ni bari in ƙara na bakin gado. 'Yata, hammar nan da kika gani, ki riƙe ta. Hamma, tashin zuciya, koɗewar fuska, ko mutum ya yi shiru bayan yana ta hira: da kin ga ɗaya daga ciki ki zare allura ki kwantar da shi, kada ki jira. Sumar ba ta cika cutarwa ba, faɗuwar ce ke fasa kai. Ni kafin in ɗaure hannu nakan tambaya ko mutum ya taɓa suma wajen allura, in ya ce eh, a kwance zan ɗiba. Wanda ya fara jin jiri kuma nakan sa shi ya harɗe ƙafafu ya ɗaure naman cinya da na ciki, saboda hakan na tura jini sama.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu rakiya su tallabe mutum a zaune suna ƙoƙarin ɗura masa ruwa. A zaune ƙwaƙwalwa ba za ta sami jinin ba, ruwan kuma yana iya sarƙe shi. Wani ma idan aka bar shi a zaune sai hannuwansa su ɗan fizga, nan da nan a ce farfaɗiya ce, alhali ƙarancin jini ne a kai.

Amma kada ki saba har ki raina kowace suma. Wanda ya suma yana tsakiyar gudu ko aikin ƙarfi, ko yana kwance, ko da ciwon ƙirji, ko babu wata alama kafin nan, ko a danginsa akwai matashin da ya yi mutuwar fuju'a, wannan sai likita ya duba zuciyarsa. Haka tsoho ko mai ciwon sukari da ke jiri in ya miƙe: a auna jininsa a kwance, a sake aunawa a tsaye. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti 3, wata matsala ce daban, domin sukari na lalata jijiyoyin nan masu sarrafa kansu a hankali.

Ɗalibar Jinya:

Na gode Malam, na gode Mama, Allah ya saka da alheri. Saura maganar gumin. Sannan in bagus ce ta rage bugun, me zai hana a ba irinsu maganin nan atirofin kawai, tunda an koya mana yana toshe aikinta?

Malamin Fisiyoloji:

Gumin na simfatetik ne, kamar yadda kika ce. Reshen da ke zuwa jijiyoyin jini ne ya yi sanyi, wanda ke zuwa fata domin gumi yana nan da ƙarfinsa, ga kuma adirenalin da ƙullin saman ƙoda ke zubawa cikin jini a wannan lokacin. Abin lura ma, zaren gumin na simfatetik ne amma asetilkolin yake saki, shi ya sa atirofin, da yake yana toshe aikin asetilkolin, yake busar da fata.

Tambayarki ta biyu kuwa likita Thomas Lewis ya gwada ta a Ingila, ya wallafa a 1932. Ya ga atirofin na dawo da bugun zuciya, amma jinin ya ci gaba da zama ƙasa, mutumin kuma bai warware ba. Ke nan sakin jijiyoyin jinin ne babban dalili, raguwar bugun ƙari ne a kai. Don haka a irin wannan suma maganin farko shi ne a kwantar a ɗaga ƙafa. Atirofin likita ke yanke shawararsa, idan bugun ya yi ƙasa sosai ya ƙi dawowa. In kina son ki ji aikin bagus da hannunki, ki kama bugunki ki ja numfashi a hankali: zai ɗan ƙaru idan kin shaƙa, ya ragu idan kin fitar, kuma ya fi bayyana a jikin yara da matasa.