Gogen Menuhin a Tsohon Faifai: Musayar Baitoci

Malam Isuhu Mai Garmaho

Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya barci ya ƙaurace mini, sai na koma wa wani tsohon kiɗa. A watan Yulin 1932, a situdiyon Abbey Road da ke Landan, aka naɗi wani yaro ɗan shekara 16, Yehudi Menuhin, yana goga gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Kiɗan na Edward Elgar ne, irin dogon kiɗan nan da goge guda ke ja, taron makaɗa na amsa masa. Elgar ɗin da kansa, yana da shekara 75, shi ya riƙe sanda gaban makaɗan London Symphony. Faifai 6 aka cika, gaba da baya. Labarin sukuwar da za ku ji a ƙasa, Menuhin ne ya riƙa ba da shi da bakinsa. Ni dai na ce bai sake yin kamar wannan ba har ya bar duniya a 1999. Wanda bai yarda ba ya amsa da baiti. Amsa-amo "ra" ne, wanda ya kauce goro na kansa.

Na kunna faifan da ya girmi yayana,
Shuu kamar ruwan sama, ɗaki ya cika da ƙara.

Can ƙarƙashin shuu sai ga siririyar murya,
Kamar zaren da ake ja ta kafar allura.

Yaro da goge, tsoho da sandarsa,
Sittin ba ɗaya tsakaninsu in ka ƙirga shekara.

An tsara kiɗan tun ba a haifi yaron ba,
Kreisler mai goge aka ba wa, shi ne ya fara.

Ran gwaji, izga ba ta yi nisa ba,
Tsoho ya tsai da shi: ya isa, babu gyara.

Ya juya abinsa ya nufi filin sukuwa,
Dawaki na jira, kiɗa ya bar wa mai basira.

A kan kaki ake yankawa, ba shafewa, ba ɗinki,
Kuskure ɗaya, a ture kakin a ƙara.

Minti huɗu da 'yan kai, a tsaya a sauya,
Inda numfashi ya yanke, nan za a ɗora.

Duk da haka ban ji tabon tsayawa ba,
Kogi guda ne, daga tushe har ya gangara.

Na ce yaro ya kai ƙoli yana sha shida,
Abin da ya yi bayan nan kanzo ne da saura.

Ɗanlami Autan Zaure

Baba Malam, na durƙusa, ina gaisuwa,
Amma kunnena ya ce in kai ka ƙara.

Na kunna abin, na zaci ana suyar ƙosai,
Goge can nesa, kamar an kulle sauro a gora.

Tsirkiya huɗu, ga makaɗa cike da ɗaki,
Namu na ƙwarya da guda ɗaya yake ta da ƙura.

Hajiya Ladi

Ɗanlami, ɗana, suyar ƙosan nan allura ce ke bin faifai mai juyi 78 a minti. Ka ba kunnenka minti biyu, da kansa zai daina jin ta. Ba da kai nake ba ma, da Yaya Malam nake. Kanzo fa ka ce? A watan Yulin 1945, wata 3 bayan sojan Birtaniya sun buɗe sansanin Bergen-Belsen a Jamus, inda gwamnatin Hitler ta tsare Yahudawa da wasu, dubbai suka mutu, Menuhin ya je ya yi wa waɗanda suka tsira da rai kiɗa, Benjamin Britten na buga masa fiyano. Menuhin kansa Bayahude ne. A watan Agustan 1947 kuma aka naɗe shi a Lucerne ta ƙasar Suwizalan yana kiɗan Beethoven, Wilhelm Furtwängler na riƙe da sanda. Wannan faifan na zo karewa, kuma da ƙwar huɗu zan zo, don ƙwar biyu ta yi mini kaɗan.

Yaya Malam, ka yi saurin hukunci,
Yaron sha shida ina ya san ɗaci?
Baiwa ce tsantsa, ba ta san ƙunci,
Tsuntsu ne aka buɗe wa keji ya zabura.

Sai yaƙi ya zo, Turai na ƙonewa,
Ya bi barikin soja da goge, ba hutawa,
Ya je Belsen ya ga masu rai kamar gawa,
Baki ya mutu, sai goge ya yi ishara.

Ka saurari na Lucerne, Yaya, da dare,
Inda goge ke hawa a hankali, a tsare,
Ba ya gudu, ba ya nuna an ƙware,
Kamar mai hura garwashi ɗaya da ya yi saura.

Yaron Landan na cewa ku zo ku ji ni,
Na Lucerne ba ya neman a ce ya yi gwani,
Ya ga abin da ya fi ƙarfin bayani,
Yana tafe yana sauke shi ƙwara-ƙwara.

Na yarda, hannun dama daga baya ya yi gardama,
Izga takan yi rawa in ta hau sama,
Amma tuwon girma, Yaya, miyarsa nama,
Ba a haɗa shi da kunun yara.

Malam Habu Tudun Wada

Hajiya, baitinki ya yi daɗi, sai dai akwai ƙashi a miyar.

Wa ya riƙe sanda a faifan da kike yabo?
Wanda ya zauna a Berlin ana ta'asa, ya ƙi ƙaura.

Hitler na kan gado, shi yana jan makaɗa,
Abokan sana'arsa da yawa sun yi hijira.

Kotun tantancewa ta wanke shi, na sani,
Wankin kotu daban, na zuci sai an jira.

'Yan'uwan Menuhin da dama sun ji ciwo,
Ƙasar kabari ba ta bushe ba, ya kai wa Berlin ziyara.

Daɗin kiɗa ban musa miki ba, Hajiya,
Ni dai in na kunna shi, tuwon da ɗan tsakuwa nake tarar da shi a tara.

Hajiya Ladi

Baitinka na ƙarshe ya yi tsawo har yana jan ƙasa, Malam Habu, amma na ji abin da ke ciki.

Ban ce ciwon nan na ƙarya ba ne,
Wanda aka kashe wa dangi, ba a ce masa share.

Af, na kauce. Goro ɗaya a kaina. Bari in gyara zama.

Furtwängler bai yanki katin jam'iyyar Hitler ba, wannan tabbas,
Ya kuma tsaya wa makaɗa Yahudawa, wasu sun tsira.

Wanda ya ga Belsen da idonsa shi ya miƙa hannun,
Ni 'yar jin labari, ina ni ina yi masa gyara?

Malam Habu Tudun Wada

Na ji. Ban gamsu ba.

Sani Damagaram

Barkanku da warhaka. Kuna ta jan zance tsakanin yaro da babba, kun mance da malaminsa. George Enescu ɗan Romaniya ne ya koyar da shi a Paris, kuma a 1932 ɗin dai, a can Paris, aka naɗe su tare suna kiɗan Bach na goge biyu, Pierre Monteux na jan makaɗa. Ni nan na kafa bukkata.

Goge biyu, malam da almajirinsa,
Wannan ya kafa, wancan ya bi ya jera.

A kashi na biyu, mai tafiyar hawainiya,
Na rufe ido in gane wane ne wane, na rasa dabara.

Malam bai danne yaro don girma ba,
Yaro ya ja linzami, ko da ƙafa na son zabura.

Malam Isuhu, ka yabi rafi ka bar idon ruwa,
Wanda ya sha a Landan, a Paris aka cika masa gora.

Ɗanlami Autan Zaure

Hajiya, na bi shawararki. Wallahi kafin minti biyu suyar ta ɓace, sai goge. Daga nan hannuna ya zarce, na faɗa kan faifan da ya yi da Ravi Shankar mai sitar, molon Indiya, wanda ya fito a 1967 har ya ci kyautar Grammy. Mu da muka tashi da kiɗan Indiya a kunne, ai nan na ji kamar an kira ni da sunan gida.

Baba Malam, na saki sauro, na nemi gafara,
Kunnen ne ɗanye, yanzu ya soma nuna, ya fara.

Amma ka ji mutum ya kai hamsin, ya gama shan tafi,
Ya tanƙwashe ƙafa a ƙasa, ya koma sahun yara.

Sitar na kuka, tabla na ba ta amsa,
Goge ya koyi jan murya yana gangara.

In kanzo ne wannan, Baba, a miƙo tukunyar,
Ni da cokalina, har gindi zan kankara.

Malam Isuhu Mai Garmaho

To, kun taru mini. Kanzo na janye shi, bakina ne ya fi ni sauri. Ƙoli kuwa ban janye ba. Menuhin ya sake naɗar kiɗan Elgar ɗin nan bayan shekara 30 da wani abu, Adrian Boult na riƙe da sanda, na'ura ta ci gaba, sauti fes, babu suyar ƙosai. Na saurare shi ba sau ɗaya ba. Amma Elgar ya rasu tun watan Fabrairun 1934, bai cika shekara 2 da ranar Abbey Road ba, kuma a kunnena gurbinsa na nan a faifai na biyun. Ku je kusa da ƙarshen na 1932, wurin da makaɗa ke ajiye izga su riƙa kaɗa tsirkiya da yatsu a hankali, goge shi kaɗai yana waiwayen taken da ya wuce tun farko.

Hajiya, kin ce yaro bai san ɗaci ba,
Na yarda, amma wa ke tsaye gabansa da furfura?

Tsoho ne da ya binne matarsa da zamaninsa,
Ɗacin nasa ne, yaron ya karɓa ya ɗaura.

A wurin nan makaɗa sun koma iskar asuba,
Yatsu na kaɗa tsirkiya kamar ganye na karkara.

Goge na waiwaye, yana kiran abin da ya shige,
Ya kama take, ya sake shi, ya koma ya tara.

Ɗan sha shida ina ya samo waiwaye?
Bai da jiya tukun, ta tsohon ce ya ara.

Sani, na karɓi maganar idon ruwa, gaskiyarka ce. Malam Habu, amsarka ta ƙarshe babu baiti, kai ma goro na kanka, ku haɗa da na Hajiya. Hajiya, yau da dare zan ba Beethoven ɗinki kunne. Na ga akwai na Lucerne da na Landan na 1953. Da wanne zan fara?

Hajiya Ladi

Na Lucerne, Yaya. Na Landan ya fi tsabtar sauti, ka bar shi sai gobe. Kuma ka kashe fanka kafin kashi na biyu, in ba haka ba rabinsa iska za ta kwashe.

Malam Habu Tudun Wada

Goro zan saya, fari, na Hajiya ma na ɗauke mata,
Faifan Lucerne kuwa, a bar ni tukun, ina nan ina jira.