Don Allah wace amfilifaya zan saka wa Corolla ɗina?

Mai Corolla: Salam 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Motar ta yayana ce, ya bar min da aka mayar da shi Abuja, kuma tun tana hannunsa sifikun baya ke karkarwa. Ga bikin ƙanena ya matso, ni zan ɗauki abokan ango. Na sayi wufa, wato babbar sifikar ganga, Pioneer inci 12, an rubuta 1400W a jikinta. A kasuwar Panteka ta Kaduna wani ya nuna min sabuwar amfilifaya mai layi huɗu, 3000W, da araha. Wani kuma ya ce mono, wato mai layi ɗaya, 'yar Beljiyam zan ɗauka. Wacce ta fi?

Oga Rewaya: Wa alaikumus salam. Malam, manta da 3000 ɗin nan, ado ne na kwali. RMS ake dubawa, wato ainihin ƙarfin da take iya riƙewa tana aiki ba tsayawa, kuma na wufarka da wuya ya wuce 400. Juya amfilifayar ka kalli fis ɗinta. In amp 25 ne guda biyu, 50 ke nan, sau bolt 14 na wutar mota ya ba ka 700W, tun ba a cire abin da ke tafiya a zafi ba. Ina 3000? Mono samfurin da ake kira Class D za ka saya, ba ta cin batir sosai, ba ta zafi sosai a but ko a watan Afrilu. Wufar om (ma'aunin tirjiyarta ga wuta) nawa ce, 2 ko 4?

Ɗan Kawo: Oga, ni mai huɗun gare ni. Layi biyu na sifikun ƙofa, biyu aka haɗe wa wufa, lafiya lau.

Baban Ummi: Ni dai masu wayarin ne matsalata. Wani ya ja min waya daga batir ba fis, a Kakuri hayaƙi ya turnuƙe ni da iyali a ciki. Har yau bai biya ni ba.

Oga Rewaya: Shi ya sa fis kusa da batir ake sa shi, da waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Ɗan Kawo, kunna fitila da dare ka ga yadda take lumshewa in ganga ta buga.

Mai Corolla: Na gode Oga, amma mai 3000 ɗin ya gwada min, har gilas na rawa. Kuma na riga na ba da kafin alƙalami. Beljiyam in ta lalace wa zan kama?

Oga Rewaya: Har yanzu ba ka faɗi om ɗin ba.

Mai Corolla: Wufar na gidan abokina a Rigasa, sai na je.