Wa ke zama da yaranmu masu buƙata ta musamman a aji?

Mahaifiya daga Kano:
Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. 'Yata kurma ce, tana aji uku a firamaren unguwarmu. Malamarsu mutuniyar kirki ce, amma ajin cike yake maƙil, wasu ma a kan tabarma, kuma malamar ba ta iya maganar hannu ba. Yarinyar takan kwafe duk abin da ke allo tsaf, in na nuna mata na tambaye ta ma'anarsa sai ta zuba mini ido.

Malamin firamare:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, malaman suna nan, tura su wuraren aiki ne ake yi ba bisa ka'ida ba. Ni koyar da kurame na karanta a kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo, wadda aka kafa tun 1977. Jami'ar Jos da ta Bayero su ma suna yaye irinmu. Da aka ɗauke ni aiki sai aka kai ni makarantar da babu kurma ko ɗaya, aka ce in riƙe lissafi. Hannuna har ya fara mantuwa.

Yayan wani kurma:
Malam, akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Maganar hannun da ƙanena ya tashi da ita a gida da kasuwa daban take da ta makaranta, wadda asalinta daga Amurka ne, wani kurma Ba'amurke mai suna Andrew Foster ya zo da ita Ibadan a 1960. Yaron ya shiga aji kamar baƙo. Wanda ya cece shi wani dattijon kurma ne da aka ɗauka mataimaki, ya iya duka biyun. Yakan durƙusa gaban bencin yaron, ya yi alamar gida, ya bi ta da ta makaranta, har ta zauna. A ganina kurame manya su ya kamata a fara ɗauka wannan aiki.

Tsohon ɗalibi, makaho:
Mu tun 1953 aka buɗe mana makaranta a Gindiri, amma da na shiga sakandare ta kowa da kowa babu malamin da ya iya karanta rubutun makafi. In na huda amsoshina a takarda, sai a ajiye ta a durowa.

Mataimakiya a aji:
Ni ce nake zama da yaro mai galahanga. Ni ke kai shi bayi, ni ke ba shi abinci a baki, in hayaniya ta dame shi ya toshe kunne yana kuka ni ke fita da shi gindin darbejiya har ya huce. Sunana ba ya cikin takardar albashi, iyayensa ke biyana daga aljihunsu. Ranar da ba ni da lafiya, a gida yake wuni. Ina son yaron nan har raina, amma ina so a koya mini aikin yadda ya dace.

Shugaban wata makaranta:
Allah ya saka miki, Hajiya. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a kan waɗannan yara. Mu da muka ƙidaya namu aji-aji, muka rubuta lalurar kowa, kwamitin makaranta ya kai takardar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sai aka dawo mana da malama ɗaya da ke koyar da Turanci a wani ƙauye alhali koyar da irin waɗannan yara ne fanninta. Mataimaka dai har yanzu muna nema.