Jama'a, jirgina ya ƙi zuwa Kano, kullum sai Nijar

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da dogon zance. Tun ina firamare in jirgi ya gifta saman gidanmu sai na fito a guje, har tsohuwarmu ta raɗa mani Direban Sama. Na so zuwa kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, aljihu bai kai ba, na ƙare a shagon gyaran waya. Bana na saida babur ɗina na haɗa kwamfuta ta hannu da sandar tuƙi, don in riƙa tuƙin jirgi na kwaikwayo a ɗaki. Uwargida har yau ba ta huce ba, ta ce na saida abin hawa na sayo mafarki. To ga damuwar. In zan tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina zuwa Kano, ina sa lambobin filayen biyu, DNKT da DNKN, layin hanya mai ruwan hoda ya fito a taswira. Ina kunna otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, sai jirgin ya karkace ya miƙe arewa kamar mai kai kaya Nijar. Sau bakwai ke nan. In kuma na tuƙa da hannu, sai in iso Kano ina can ƙololuwa. Ku taimaka.

Abba Daura: Wa alaikumus salam. Mun ji labarin babur, amma wane jirgi ne? Wace manhaja?

Ɗan Ƙofar Marusa: Microsoft Flight Simulator na 2020, jirgin Cessna Caravan, mai farfela ɗaya.

Kyaftin na Layout: Nan ka ɓata rawarka da tsalle, ƙanena. Wa ya aike ka Caravan? Injin PT6 ne a cikinsa, ga sandar wuta, ga ta farfela, ga ta mai, kana lura da ƙarfin juyi da zafin inji, sannan ka ce za ka koyi hanya? Koma Cessna 172, ka kashe GPS, ka koyi bin allurar VOR, mai nuna tashar rediyo ta ƙasa da ke yi wa jirgi jagora. Shekara goma sha ɗaya ina wannan harka. Yaran yanzu layin ruwan hoda kawai suka iya bi.

Abba Daura: Yaya Kyaftin, ba abin ya kai nan ba. Malam, dubi saman allon G1000, wato allon da ke gaban matuƙi, bayan ka kunna otofailot. In ka ga HDG, to jirgin alamar digiri yake bi, kuma ina zargin taka tana kan 360, wato arewa sak. Maɓallin NAV za ka danna, shi ke sa jirgi ya bi layin hanya. Sannan dubi kalar allurar: in koriya ce, tashar VOR yake nema, danna maɓallin CDI har ta koma ruwan hoda ta rubuta GPS. Kuma ka fara juya hancinsa wajen layin, in kana nesa da shi ba zai kama ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ai ina danna NAV ɗin. Kalar ce ban lura ba. Maganar 172 kuwa, Kyaftin, na gwada, tafiyar hawainiya gare shi. Wutar unguwarmu ba ta wuce awa ɗaya, ina tsakiyar hanya za a ɗauke.

Maman Walid: Ku da ke samun awa ɗaya ma ku gode Allah. Maigidana sati biyu ya yi yana sauke wannan wasan, fiye da giga ɗari, datar gida kaf ta tafi. Ranar da ya gama aka ce sai ya sabunta. Ni ina bayan uwargidanka.

Kyaftin na Layout: Hajiya, ba wasa ba ne, ilimi ne. Kai kuma ƙanena, Katsina zuwa Kano bai kai mil 80 na jirgi ba, ka fuskanci wajen digiri 140, rabin awa ka isa. Saukar da ke ba ka wuya lissafi ne: kowace ƙafa 1,000 da za ka sauko tana cin mil 3. Kana ƙafa 10,500, Kano na wajen 1,500, saura 9,000, ka fara gangarowa tun saura mil 27. Ka rage wuta, in ba haka ba gudu zai yi maka yawa. Da ka fara da 172 da duk ka san wannan.

Sani Mai Shayi: Ni duk ban yarda da wannan wahalar ba. Tashi ƙasa-ƙasa ka bi kwalta: Charanci, Kankiya, Tsanyawa, Bichi, sai ga ka a Kano. Haka nake yi.

Kyaftin na Layout: Ran da ka kunna yanayi na gaskiya a watan Janairu, hazo ya rufe, sai ka sauka Kankiya ka tambayi 'yan acaɓa.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na gode duka. Amma ni dai ina ganin sandar ce ke da matsala, tun ranar farko take ɗan ja hagu. Caravan kuwa ba zan bari ba, saboda shi na saida babur.

Abba Daura: Sanda ba ta kai jirgi arewa sau bakwai. Ka duba kalar allurar kuwa?

Ɗan Ƙofar Marusa: Na kunna zan duba aka ɗauke wuta. Sai dare in sun kawo.

Maman Walid: In sandar ce, ta maigidana na nan a kan firij, zan yi maka sauƙi. Kada dai ya ji.