Wace kalma za mu ba "peer review" da Hausa?

1/ Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina shirya takardar bita ga ƙananan malaman jami'a kan yadda ake fitar da bincike a mujallun ilimi, musamman binciken muhalli, zaizayar ƙasa da kwararowar hamada. Kalmar ɗorewa ba ta ba ni wahala ba, tun 2015 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da muradunta 17 kunnenmu ya saba da "ci gaba mai ɗorewa". Inda na cije shi ne peer review.

2/ Ga yadda abin yake: ka aika muƙala, edita ya tura wa mutum biyu ko uku da suka ƙware a fannin. Su karanta, su ce a karɓa, ko a gyara kaɗan, ko a sake lale, ko a yi watsi da ita. Galibi ko sisi ba a biyansu.

3/ Wani malami ya ce "bitar tsara". Allah gafarta Malam, ban gamsu ba. Tsara a wurin Bahaushe sa'an haihuwa ne, alhali mai duba aikinka yana iya zama farfesan da ya haife ka. "Takwara" ma asalinsa mai suna irin naka ne, 'yan jarida ne suka ja shi har ya kai ga shugabannin ƙasashe.

4/ "Tacewa" kuwa, da jin ta sai mutum ya tuna hukumar tace finafinai da almakashinta. "Tankaɗe da rairaya" ta yi daɗin baki, har na so ta, amma ta yi tsawo, kuma ba ta nuna akwai hukunci a ƙarshe ba.

5/ Sai na leƙa wajen Larabawa: su "tahkim" suke cewa, mujallar kuma "muhakkama", wato wadda aka yi wa hukunci. Mu ma ai muna da alƙalan musabaƙa da alƙalin wasa, waɗanda ba kotu suke zama ba. Don haka ni na tsaya a kan "alƙalancin masana". Mai dubawar ya zama "alƙalin muƙala".

6/ Wanda ake ɓoye sunan marubuci da na alƙali duka, wannan tuni Hausa ta raɗa masa suna: alƙalancin ba-sani-ba-sabo.

7/ Na gwada a jimla: "Muƙalata kan bishiyar gawo tana hannun alƙalai wata huɗu ke nan." Ta zauna daram. Saura mujallun nan masu karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana uku ba alƙali ko ɗaya. Na rubuta "mujallun bogi" da fensir tukuna, ina jiran naku kafin Litinin.