Hayar Hiace ko kar (babbar bas ta fasinja)? Muna da wasa a Tasawa da Maraɗi

Ɗan Zango: Salamu alaikum manya. Bayan Sallah muna da wasa biyu, Tasawa ran Juma'a, Maraɗi ran Asabar. Daga Damagaram za mu tashi, mu shida ne, da jita biyu, piyano, kalangu, ƙwarya da bafil (manyan lasifika) biyu. Mu ɗauki hayar Hiace ko mu bi kar?

Mai Ƙwarya: Kar. Me za ku samu da har za ku ciyar da direba kwana uku?

Ɗan Birni: Kar sai ka tashi tun kafin asuba, kuma bafil sai an biya masa kuɗin kaya kamar mutum.

Kawu Solo: Ƙanena, kafin zancen mota, wa ya kira ku, kuma nawa ya ba ku a hannu? Mu abin da ya kashe mu ke nan. Wani mai shirya wasa ya ce mu zo a raba kuɗin ƙofa, shi da sono (kayan sauti) da gurup (janareto), mu da kiɗa. Muka ranci kuɗin mai, muka ɗauki hanya. Kusan kilomita 240 ne daga Damagaram zuwa Maraɗi, amma tun a Takeita taya ta fashe, safayar kuma ba iska. Da muka isa, sonon da ya yi ta kurantawa ashe na ɗaurin aure ne, mikro ɗaya, wayarsa an ɗaure da leda. Ana waƙa ta uku wuta ta ɗauke, gurup ba ko ɗigon mai, ni na ciro jika biyu daga aljihuna aka sayo a kwalba. Mutane sun cika wurin, amma rabi ta katanga suka shigo, sauran kuma wai ƴan uwan mai wuri ne. Da aka tashi ya zauna da biro yana cire kuɗin kujeru, kuɗin masu gadi, kuɗin sanarwa a rediyo, abin da ya rage bai kai kuɗin komawarmu ba. A tasha muka kwana, mai jitar bas ɗinmu ya yi matashi da jakar jitarsa don kar a ɗauke. Tun ranar ba na ɗaga ko pulogi sai an turo rabin kuɗi ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, kuma a rubuta a takarda wa ke da masauki, wa ke da abinci, wa zai nemo izinin taro daga ofishin magajin gari. In ya fara "haba, ai mu ƴan uwa ne", ka ce masa Allah ya ba da sa'a.

Ɗan Zango: Kawu, na Tasawa ya ba da kafin alƙalami. Na Maraɗi ne ya ce a raba ƙofa.

Kawu Solo: To ka ji.

Bakatsine: A daina ɓata mana gari don Allah, ai bai ce Bamaraɗe ba ne.

Mai Ƙwarya: Wa ya kira sunanka? Mai kaza a aljihu...

Anti Mai Amshi: Ni dai in da mace a cikinku, a nema mata gidan da za ta sauka tun daga nan. Kar a isa da tsakar dare a fara ƴan kame-kame. Kuma ku tafi da dambu ko ƙuli-ƙuli da garin rogo, abincin bakin hanya ya taɓa hana ni hawa dandali.

Ɗan Birni: Kowa da katinsa na ɗan ƙasa a aljihu, da takardar gayyata mai hatimi. A shinge in jandarma ya ga bafil sai ya tambaya. Kuma ku yi tafiyar rana.

Mai Kalangu: Kar ku yarda a ɗora kalangu da jita a saman mota. Rana tana busar da fata ta tsage, wuyan jita kuma ya lanƙwashe. A sassauta tsirkiya, a riƙe su a ciki. Tsirkiyar canji ma ku saya tun yanzu, a Tasawa ba lalle ku samu ba.

Bakano: Ku aiko in sayo muku a Sabon Gari, bayina. Ta Daura da Matamai kwana ɗaya ta iso.

Ɗan Birni: Ji Bakano da bakin magana. Tsirkiyar da ka aiko bara ko wasa ɗaya ba ta gama ba.

Bakano: Hannun Badamagare ne, da ƙarfi kuke kaɗa komai.

Kawu Solo: Regilata fa, mai daidaita wuta, ku tafi da taku. Wutar gurup tana hawa tana sauka, ita ke ƙona piyano.

Mai Ƙwarya: Gara ma ku gode Allah ba Agadas za ku ba. Wanda ya bi hanyar Tanut da kaya ya san bafil ba ya isa da ƙusoshinsa.

Ɗan Zango: To yanzu Hiace ko kar?

Anti Mai Amshi: Kira na Maraɗin tukuna, ka ji ko zai turo wani abu.

Mai Kalangu: Wai wa ya tafi da jakar wayoyina ranar bikin Garin Malam?